Kifayen Alhaji Sahabi

Ruwan da jiya ake hango bangon ɗaki ta cikinsa, yau ya yi fari kamar ƙasari. Kifaye biyar suna sama suna haki, na shida ya karkata gefe guda.

Alhaji Sahabi ya tsaya gaban akwatin gilashin, hankalinsa a tashe. Ɗansa Mukhtar ne ya kawo masa su nan Illela daga Sakkwato, lokacin da ciwon ƙafa ya hana shi tsallakawa Ƙonni fatauci, kuma tun ranar bai sake kukan kaɗaici ba. Abincinsu 'yan tsutsotsi ne daskararru, da ake ajiyewa a firijin maƙwabcinsa mai sayar da ƙanƙara. Mukhtar ya ce ɗan guntu ya isa. Amma Alhaji mutum ne da idan kwanon baƙo ya dawo wayam sai ya ce an kunyata shi, don alama ce baƙon bai ƙoshi ba. Kifi kuwa bai san kara ba. Suna cinyewa yana ƙarawa, da ƙanƙarar da komai, har suka gaza, saura ya kwanta a ƙasa ya ruɓe.

"Hajiya, zaka ki gani! Mi yas samu ruwan ga?"

Matarsa Haula ta leƙo, ta shinshina, ta toshe hanci.

"Kai kas same su, Alhaji. Garin neman gira za ka rasa ido."

Bai yi musu ba, abin da bai saba ba. Suka kwashe rabin ruwan da moɗa, suka tsame ruɓaɓɓen abincin, suka zuba ruwan randa da ya kwana. Ranar kifaye suka yi azumin dole. Kafin la'asar na shidan ya miƙe, Alhaji ya yi hamdala har da ƙwalla.

Kashegari Haula ta narkar da guntun tsutsotsin a kofi, ta tsiyaye jan ruwansa, ta miƙa masa kaɗan a bakin cokali. Ya zuba, nan da nan kifayen suka lashe, suka taru suna kallonsa ta ruwa garau. Hannunsa ya nufi kofin, ta janye.

Ya yi murmushi, ya rage murya.

"To, na ji. Amma don Allah maganag ga ta tsaya ɗakin ga. Kar Illela ta ji gidan Sahabi an koma ba baƙo abinci da bakin cokali."