Dubiyar Larai a Taura

Aikin Larai a wani asibiti a Dutse shi ne bibiyar masu cuta mai karya garkuwar jiki bayan an sallame su, don kada magani ya yanke musu. Ita ma maganin take sha shekara da shekaru. Ɗayyabu, wani tela daga Taura, ya daɗe kwance a ɗakin maza, tari da zazzaɓi sun ƙarar da shi, a nan aka gano yana da cutar. Ranar sallama ya yarda ta neme shi in ta ji shiru, har ya kwatanta mata gidansu, amma da sharaɗin kada kowa ya ji komai daga bakinta.

Ranar da aka sa masa ya dawo ta wuce bai zo ba, wayarsa kullum a kashe. Sai Larai ta ajiye rigar aiki, ta sa mayafi, ta shiga motar Taura.

A zaure ta tarar da Baffa Jaji, ƙanin mahaifin Ɗayyabu, da wasu 'yan dubiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce a asibiti suka saba, ta zo duba mai jiki. Dattijon ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce su sun gama da asibiti, an haɗo wa yaron jiƙo kuma yana jin daɗinsa. Da ƙyar ya ce ta shiga.

Rukayya, matar Ɗayyabu, ta tare ta a tsakar gida da jariri a kafaɗa. Ta ja ta bayan rumbu, ta kwance bakin zaninta ta fito da robar magani wadda aka kankare rubutun jikinta. Ta ce a aljihun keken ɗinki ta tsince ta, tun da ta tambaye shi kuma bai sake sha ba.

"Yaya, ki dubi Allah ki gaya mini ciwon mijina. Shayarwa nake yi."

Larai ta kalli jaririn. Ta ce ba ta da ikon faɗa, amma za ta yi magana da shi yanzu. Rukayya ta saki hannunta a hankali.

A ɗaki ta tarar da Ɗayyabu kwance a tabarma, ya fi ranar sallama ramewa. Da ya gan ta ya kau da kai, ya ce ta zo ta tona masa asiri. Ta ce ba ta faɗa ba, ba za ta faɗa ba. Ta gaya masa yadda ita ma ta taɓa ɓoyewa har ta kusa rasa ranta, ta ce duk ranar da ya ƙara yana shiru, ɗansa yana shan nonon da ba a san lafiyarsa ba. Ya rufe fuska da hannu. Suna haka suka ji gyaran muryar Baffa a tsakar gida, yana tambayar me baƙuwar take yi har yanzu.

"Malama, fita ki turo mini Rukayya," in ji Ɗayyabu.

Larai ta fito, Rukayya ta shiga. Baffa ya tsaya yana jan carbi, yana yi wa Larai tambayoyi, tana amsawa a taƙaice, kunnenta na ɗaki. Can sai kukan Rukayya ya tashi. Baffa ya nufi ƙofar, amma kafin ya kai Rukayya ta ɗaga labule, idonta jawur, ta ce masa cikin ladabi gobe za su koma asibiti, har da yaron. Ya tambayi dalili, ta ce umarnin mijinta ne.

Washegari Larai ta raka su asibitin da ke kusa da su, aka mayar da karɓar maganin Ɗayyabu can. Gwaji ya nuna Rukayya ma tana da cutar, aka ɗora ta a kan magani a ranar. Na jaririn sai an aika da jininsa, za a jira. A bakin titi Rukayya ta karɓi lambar wayar Larai, ta gyara goyo, ta yi gaba ba ta jira mijinta ba. Ɗayyabu ya bi bayanta a hankali.