Malama Adawiyya da Dutsen Japan

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina, ita ce shekarar da Malama Adawiyya ta dawo Daura daga Japan, inda gwamnati ta tura ta kwas na malaman makaranta. Tarihi take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke bayan gari. Mace ce doguwa mai kaifin harshe, wadda ko a gidan mahaifinta, Sharu Muktar mai sayar da fatu, an san ba ta haɗiye magana.

Wata ranar Laraba tana koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake tantance labari, sai ta ba su misali da abin da ta gani a can. Ta ce an kai su wani tsauni mai dogayen itatuwa, cibiyar wata ɗariƙa ta addinin Buda mai ɓoye karatunta sai ga wanda aka yarda da shi. A maƙabartar wurin akwai wani dogon dutse, kwafin wani tsohon dutse da ke ƙasar Sin, an zana kuros, wato gicciyen Kiristoci, a samansa. Wani dattijo da ya zagaya da su ya ce wasu na da'awar wanda ya kafa ɗariƙar ya haɗu da Kiristoci lokacin da yake karatu a Sin, har ya ɗauko wasu abubuwa a wurinsu, kamar yayyafa wa sabon shiga ruwa a ka. Wasu ma sun zarce, suna haɗa Budan da ake kira Babbar Rana da abar bautar rana ta addinin Shinto, addinin gargajiyar Japanawa, su ce duk hasken nan ne da Kiristoci ke magana a kai.

"Amma da na tambaye shi hujja," in ji ta, "sai ya yi dariya ya ce kama ce kawai. To ku riƙe wannan. Don abu biyu sun yi kama, ba shi ke nuna ɗaya ya haifi ɗaya ba. Ko a ƙofar wuraren bautar Shinto na ga suna wanke hannu da baki kafin su shiga."

Firdausi, wata yarinya mai surutu a layin gaba, ta ce, "Kai, Malama! Ashe su ma suna alwala?"

Aji ya fashe da dariya. Malama ta ce, "Ba alwala ba ce, kama ce. Kin ga tarkon da nake faɗa muku ke nan."

Kafin Juma'a labari ya zaga gari da wata siffa daban. A kasuwa ana cewa malamar da ta je Japan ta ce masu bautar gumaka suna alwala. A bakin masallaci kuma ya zama ta ce duk addinai ɗaya ne. Wani mai acaɓa da ya ɗauko ta bai san ita ce ba, ya ba ta labarin kanta, har da ƙarin cewa ta shigo da kuros a jaka.

Ranar Litinin shugaban makaranta, Malam Kalilu, ya kira ta ofis. Ta tarar da kwamitin iyaye a zaune, da shugabansu Alhaji Dabo, dillalin shanu mai faɗa a ji.

"Malama," in ji Alhaji Dabo, "ba mu zo tozarta ki ba. Ki fito gaban yara gobe ki ce kin yi kuskure, ki yi istigfari, magana ta mutu."

"Alhaji, istigfari kullum ina yi. Amma wane kuskure zan ce na yi?"

"Kin haɗa alwala da bautar gumaka."

"Raba su na yi. A kira yaran a tambaye su."

"Me ya kai ki kawo mana zancen Buda da Kirista a irin wannan lokaci?"

"Lokacin ne ma ya sa. Yanzu kowa ya ji magana sai ya ɗauka ya ruga da ita. Ni kuwa aikina in koya wa 'ya'yanku su tsaya su tambayi hujja. Kun ga ai ku ma ba ku tambaya ba."

Malam Kalilu ya yi gyaran murya. "Malama, ki sassauta. Kalma biyu ce fa."

"Ranka ya daɗe, in na faɗi kalma biyun nan na yi ƙarya a gaban yaran da suka ji gaskiya da kunnensu. Shari'ar da muke murna da ita ce ta hana shaidar zur, ta kuma hana ƙazafi. Ni aka yi wa ƙazafi. Wanda ya fara yaɗawa shi zai fito ya tuba."

Alhaji Dabo ya miƙe yana kaɗa riga. "To za ki gani."

"Allah Ya kai mu," in ji ta. Ta tashi ta fita.

Da la'asar ta je gidan mahaifinta, ta same shi a zaure yana jera fatu. Ya saurare ta har ta gama bai ɗago ba.

"Da ni ne, da ban kawo zancen mutanen nan a aji ba," in ji shi. "Ba ki da dabara, Adawiyya, tun kina ƙarama. Amma kin faɗi abin da suke cewa kin faɗa?"

"Wallahi ban faɗa ba, Baba."

"To kada ki amsa laifin."

Washegari ta shiga makaranta kanta a sama, ta wuce taron safe ba ta fito ta janye maganarta ba, ta shiga aji ta ci gaba da darasi. Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa. Firdausi ta same ta tana kuka, tana cewa ita ta ba yayanta labarin cikin raha. Malama ta ce ta share hawaye, tambaya ta yi, tambaya kuwa ba laifi ba ce.

Ba a kore ta ba, don ba a sami abin kamawa ba. Sai dai kafin ƙarshen zango aka mayar da ita wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye na Mai'aduwa, dab da iyakar Nijar. Wasu abokan aiki suka ba ta shawara ta je Katsina ta nemi alfarma. Ta ƙi. Kullum da sassafe takan hau motar 'yan kasuwa, a matse tsakanin buhunan gero, ta sauka ta ƙarasa da acaɓa. Ajin da aka ba ta rabin rufinsa iska ta kwashe, 'yan matan kuma ba su taɓa samun malamin tarihi ba. Shekara huɗu ta yi tana koyar da su, kuma daga hannunta aka fara samun 'yan ƙauyen da suka ci jarrabawar tarihi.