Leɓen Ladan

Motar ba ta yi nisa da Rano ba Malam Isiyaku ya ga jini a gaban rigarsa. Ya tofar da audugar da aka danna masa a gurbin haƙorin da aka cire, ya kai hannu baki. Yatsa ya ji leɓe, leɓe bai ji yatsa ba. Ya mintsine shi, kamar naman wani. Jinin daga harshe yake fitowa. Ya cije shi bai sani ba.

Haka ciwon yayansa ya fara. Yana cin tuwo miya ta riƙa zuba ta gefen baki, daga nan ɓarin jiki ya shanye, bai sake magana ba har aka binne shi.

A asibiti, likitar ta yi ta bayani ta cikin takunkumi. Ya ji ta ce akwai jijiya da ta bi ta cikin ƙashin muƙamuƙi tana kai ji ga haƙora da leɓe, wata kuma ta nufi harshe, wurin ne za ta yi allurar kashe zafi. Daga nan ya daina saurare. Sa'ar jikarsa ce, ta kuma leƙa masa baki, ya ga hakan ma ya isa. Yanzu kalmar ce ta tsaya masa a rai. A ciwon yayansa ma jijiya aka ambata.

Ya sauka a Kibiya da hannun riga a baki, bai amsa gaisuwar kowa ba. A gida matarsa Jumai ta tambayi jiki, ya wuce ta. Ya zauna alwala, ya ɗebi ruwan kurkure baki, ruwan ya gangaro masa gemu. Ya shiga ɗaki ya gwada kalmar shahada a hankali. Ta fito da nauyi, a karkace. Gumi ya keto masa. Bakin da zai kasa shahada, ya zai yi da kiran sallah? Ga Azahar ta kawo kai.

Tun kafin a kawo lantarki unguwar shi ne ladan, kuma bai taɓa barin wani ya taɓa lasifikar ba. Amiru tela ya yi jiran ya gaje shi har ya yi furfura. Malam Isiyaku ya sha cewa da muryar Amiru gara ƙarar kekensa na ɗinki.

A ƙofar masallaci, gaban liman da jama'a, ya miƙa wa Amiru makullin akwatin lasifika.

"Daga yau kai ne."

Liman ya tambaya ko lafiya.

"Na gama. Ku yafe ni."

Da suka ji yadda maganar ta fito, ba wanda ya ƙara tambaya. Amiru ya karɓa da hannu biyu.

Bayan sallah ya koma gida, ya kwanta ta hannun dama, ya fuskanci alƙibla. Yana jira ya ji hannu ya mutu, sannan ƙafa. Jumai ta zauna a bakin ƙofa.

Sai ya ji kamar kiyashi na tafiya a leɓensa. Ya ce a ransa, ga shi nan ya zo. Tafiyar ta bazu har haɓa. Can gurbin haƙorin ya soma zugi, zugi mai tsanani. Ya lashi leɓe, ya ji harshensa a kai. Ya yi shahada, ta fito sarai. Ya sake yi da ƙarfi, har Jumai ta leƙo.

Ya tashi zaune, ya duba inuwa a tsakar gida. La'asar ta yi. Ya kai hannu ga hula ke nan lasifika ta yi ƙara, muryar Amiru ta fito.

"Malam, ka je ka gaya musu mana," in ji Jumai. "Ai allurar ce."

"A gaban mutane na faɗa."

Ya saurara har aka kai ƙarshe, hular na hannunsa.

"Yana ja da yawa," ya ce. "Ba ni buta."