Langar Kande ta Ƙarshe

Ƙusa da guduma sun cinye wa Kande langa biyu cikin mako guda. Kowane bugu sai ɓawon tangaran ya tashi a gefen ramin, baƙin ƙarfe ya fito fili. Ta daure ta turara dambu a cikin ta biyun, ta kai bakin jami'a. Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya tauna ɓarɓashin, ya tofar da jini a gabanta. Tun daga ranar ɗalibai suke wuce ta kamar ba su taɓa cin abincinta ba.

Ta uku ita ce ta ƙarshe: fara sol, mai jan fure a gindi. Ita kaɗai ta rage daga jeren aurenta. Sauran kuwa, fari ya cinye su ɗaya bayan ɗaya tun a Tahoua, kafin ta biyo motar masu gudun yunwa zuwa Yamai, ita da ƴarta Kadi. Shekara goma sha tara ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinta ba. Yau ga ta a unguwar Harobanda da ke hayin kogin Yamai, a rumfar Malam Abdulaye mai gyaran fitila da risho, za a mai da ita madambaci.

Malam Abdulaye ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara kunne.

"Uwar Kadi, wannan ba ƙarfe ba ce kawai. Gilashi aka rufa mata. Kin taɓa ganin an daki gilashi ya yi haƙuri?"

"Malam, ni dai rami nake so. Talatin."

"Za ki samu. Kafin azahar, in Allah ya yarda."

Wannan magana ce ta kai ta ta baro. Ta koma gida da sauri, ta jiƙa tsakin masarar taimako da sojoji suka raba ranar Talata, duka, ba ta rage ko tafi ɗaya ba. Ta yanka zogale, ta bar wa Kadi hura wuta. Rabo na gaba kuwa sai bayan mako biyu.

Da ta dawo da hantsi, rami bakwai ta tarar.

Mutumin nan, in ana sayar da nawar aiki, da ya fi kowa arziki a hayin kogin. Sai ya ɗora gindin langar a kan buhun jiƙaƙƙen yashi, ya yanko filasta irin ta likita ya manna ciki da waje, ya ɗiga alama. Sannan ya ɗauko mahujinsa na hannu, mai juyawa, ya kafa bakinsa, ya riƙa murzawa a hankali yana ɗiga ruwa da cokali. In ya kusa ɓullewa sai ya ƙara sassautawa. Ya ɓare filastar, ga rami sumul, ko ƙwarzane babu. Sai kuma ya tsaya yana shafa shi da babban yatsa, yana jin daɗi.

Kande ta zauna a kan kangon risho, ranta yana ƙuna. Rana ta take. A irin wannan zafi, jiƙaƙƙen tsaki ba ya jiran kowa.

"Malam, don Allah ka ɗan danna mana."

"In na danna, ta tsage."

"In ba ka danna ba, tsakina ya yi tsami."

"Wa ya ce ki jiƙa?"

"Wa ya ce kafin azahar?"

Ya ɗiga ruwa, ya ci gaba da murzawa. Da za ta iya, da ta fizge cokalin nan ta jefa shi kogi, in ma akwai sauran ruwan da zai nutse a ciki.

Ana kiran sallar Juma'a ya ajiye mahujin. Rami ashirin da bakwai, jere kewaye da furen, kowanne kamar da shi aka ƙera langar. Saura uku na tsakiya, inda tururi ya fi bugawa.

"Kada ki taɓa. Yanzu zan dawo."

Ta san yanzun masu zuwa Juma'a: huɗuba, gaishe-gaishe, hirar farashin gero. Ta dubi hanya, ta dubi langar. Ai ta ga yadda ake yi, sau ashirin ta gani. Filastar ta ƙare, amma mene ne filasta? Ta kafa mahujin a kan jan furen. Ya zame, ta sake kafawa. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe taɓarya bai san sassauci ba. Ta ɗora ƙirjinta ta danna.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, shi ke nan. Furen ya ɓare ya koma gefe, tsaga ta bi ta ramukan nan masu kyau, ɗaya bayan ɗaya, tana tayar da farin ɓarɓashi. Kande ta ji wani baƙin ciki da ba ta ji irinsa ba ko ranar da ta sayar da gadon aurenta.

Malam Abdulaye ya dawo da darduma a kafaɗa. Ya daɗe yana kallo. Ta so ya yi faɗa, ya zage ta ma, ko ta samu wanda za ta mayar wa. Ya durƙusa ya shafa gindin langar, ya duba yatsansa, ya kakkaɓe.

"Abinci ba zai shige ta ba, Uwar Kadi. Kullum za ta riƙa zubar da ɓarɓashi."

"To, me za a yi da ita?"

Ya juya ta, ya ɗaga ta sama, haske ya ratso ta ramukan.

"Iska za ta shiga da kyau," in ji shi. "Ki zuba gawayi. Za ta yi murhu."