Inda Karen Ya Zauna

Chelo Arredondo ta fi tsoron wannan ɗan kare mai dogayen kunnuwa a kan sanyin da ya ƙone mata furen lemo bara waccan. Sanyi ko ba komai ana kunna masa manyan fankokin gona, a saki ruwa cikin gona, a yi addu'a. Shi kuwa karen sunsuna kawai yake yi. In ya ji warin ciwon lemo a jikin bishiya sai ya zauna a gindinta, a ɗaura mata jan ƙyalle, a kai ganye gwaji, bayan mako guda tarakta ta zo ta tumɓuke ta.

Ciwon ba shi da magani. Lemo ya ƙi nuna, ya yi ɗaci, ya zube tun yana kore. Wani ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba shi ke kai shi daga bishiya zuwa bishiya. Ya cinye gonakin Florida, inda aka haifi Chelo, amma bai shigo wannan kwarin nasu na Kalifoniya ba, shi ya sa ƙungiyar manoma ta ɗauko karen ya bi kowace gona. Yau layi ya zo kan gonar Chelo.

"Kin yi wani fari fat, maƙwabciya," in ji Hank Dorrance, dattijon da gonarsa ta lemun tsami ke manne da tata. Ya jingina da shinge riƙe da kofin kofi. "Ko kin ɓoye gawa ne a ciki?"

"Taka nake shirin ɓoyewa, in ba ka daina sa mini ido ba."

Ya yi dariya har da tari. Ita ma ta yi, amma ta yaƙe ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shekara uku ke nan da ta je jana'izar mahaifiyarta a Florida. Ranar da za ta dawo ta yanko ɗan reshe daga bishiyar tanjirin da ke bayan gidan marigayiyar, ta naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, ta tura cikin takalmi a akwati. Ta san doka ta hana. Ita da kanta ta sha zagin masu yin haka a taron ƙungiya. Amma ai bishiyar uwarta ce, ganyenta shar, wa zai ce tana da wani abu? Ta aura reshen a kan wani dashe a ƙarshen layi na tara, dab da shingen Hank. Bana ganyen ya fara yin rawaya a gefe guda. Jiya da la'asar ta ɗaura wa bishiyar sarƙa, ta ja da tarakta, ta ƙone ta, ta baje busasshen ganye a kan ramin.

Darlene, mai karen, mace ce mai yawan magana. "Karena Pepper ba ya ƙarya, ba ya karɓar cin hanci sai ƙwallo," ta ce, suka shiga layi na farko. Karen na tafe da sassarfa, hanci a ƙasa, ya sunsuna nan, ya wuce can. Chelo na biye tana ƙirga layuka. Na huɗu. Na bakwai. A na takwas ya tsaya, ita ma ta tsaya cak, ashe fitsari zai yi.

A ƙarshen layi na tara ya rage gudu. Ya kewaya wurin da babu bishiya sau biyu, ya tura hanci cikin busasshen ganyen, sannan ya zauna a kan ƙasa tsirara, ya ɗaga kai yana jiran ladansa. Saiwar. Ba ta tuna da saiwar da ta karye a ƙasa ba.

"To, yau kuma iska kake kamawa?" in ji Darlene. "Tashi, malalaci. Gafiya ce ta yi rami, Misis Arredondo, kada ki damu. Gonarki lafiya lau."

Chelo ta gyaɗa kai. Ta dafa sandar shinge. Har ta fara jin numfashi na dawo mata sa'ad da Hank ya ɗaga wayar shingen, karen ya ratsa ta ƙarƙashi zuwa gonarsa.

Bai yi taku goma ba ya zauna a gindin bishiyar farko. Darlene ta ciro jan ƙyalle ta ɗaura. Ya tashi, ya wuce ta biyu, ya zauna a ta uku. Ya zauna a ta huɗu. Bishiyoyin nan mahaifin Hank ne ya dasa su, kuma Hank ne ya kwana uku yana kula mata da fankoki lokacin da mijinta ke kwance a asibiti.

Dattijon ya daɗe tsaye. Ya zubar da sauran kofin a ƙasa, ya cire hula, ya tako a hankali har bakin shinge. Idanunsa sun kaɗa.

"Chelo, ki yafe mini," ya ce. "Akwai wasu akwatunan ɗiban lemo da na saya bara a hannun wani, da araha, ban wanke su ba. Na san su ne. Kwaɗayi ne kawai. Yanzu ga shi na kawo miki shi har bakin gona." Ya goge fuska da hular. "Gwauruwa ke kaɗai, da me za ki ji? In ya tsallako wurinki ban san da idon da zan dube ki ba."

Ta buɗe baki. Gaskiyar zancen reshen na nan a kan harshenta, gajera ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

"Hank," ta ce.

"Na'am."

A bayansa Darlene na lalube cikin jaka, jan ƙyallen hannunta ya ƙare. Iska ta taso daga wajen Chelo, ta kwashi busasshen ganyen da ke kan ramin, ta tsallaka da shi shinge. Hank ya sunkuyar da kai yana kallon danyar ƙasar da ta bayyana kusa da takalminta, yana jira ta ƙarasa.