Kujerar Malam Maharazu

Akwai ɗan jan salatif liƙe a ƙarfen kujerar, daidai inda mai ita yake son tsayinta ya tsaya. Murja ta lura da shi tun ranar da aka rufe ofishinsu na Manchester aka maido ta reshen Ladywood, kuma ba ta taɓa komai ba. Kujerar Malam Maharazu ce, akantan da aka yi wa aiki a ƙashin baya. Shi dogo ne, ita gajera. Ƙafafunta ba sa kai ƙasa, kafin azahar kafaɗunta sun sage.

"Ki saukar da ita mana," in ji Celestina, mai teburin gefe. "Likitanki ma ya gaya miki."

"Ta babba ce. Zai dawo."

Kowa dai ya san council, hukumar gari, ta rage kuɗi, an haɗe aikinta da nasa ya zama na mutum ɗaya. In ya dawo, ita za ta tafi.

Ran Talata ya zo, yana dogara sanda. Ya daɗe a ofishin manaja kafin ya nufo teburin. Murja ta miƙe, ta rusuna.

"Ina wuni, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ke ce 'yar Rusholme ɗin nan ta Manchester? Zauna."

"A'a Baba, kai dai ka..."

"Zauna na ce, 'yar nan."

Ta ɗofana. Ya dubi ƙafafunta.

"Haka kike tun zuwanki? Kina reto kamar an ɗora yarinya a jaki?"

"Ban so in ɓata maka ba ne."

Ya jingine sandar, ya sunkuya da ƙyar. "Matsa ciki, bayanki ya taɓa majingina." Ya ja ɗan ƙarfen da ke ƙasa, kujerar ta sauka a hankali har tafin ƙafarta ya dafa ƙasa. "Gwiwa daidai da ƙugu. Saki kafaɗa." Ya rage tsayin madafan hannu, sannan ya zagaya baya ya yi ta murza wani abu har tudun majinginar ya shige lanƙwasar bayanta.

"Nan ne wurin. Ni sai da na kwanta asibiti na sani."

"Baba, in ka dawo ai sai ka sake shan wahalar gyarawa."

Ya jawo aljihun teburin, ya ɗauki dardumarsa da kofin shayinsa.

"Ki riƙa tashi kina takawa. Kada ki jira sai lokacin sallah."

Wayar teburin ta yi ƙara. Murja ta dube shi, ya yi mata nuni da haɓa. Ta ɗauka, ta faɗi sunan ofis, a ƙarshe ta ƙara da nata.

Tana cikin magana ya saɓa dardumar, ya bi ta bayan Celestina, ya ja ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.