Shinkafa a bayan faifan birki

Motar Cindo ba ta da laifi sai an taka birki. Daga nan sitiyari ya kama makyarkyata, kujeru su ɗauka, ƙoren nonon da matan Fulani suka rungumo daga Kaoje su fara amai a kan zannuwansu. Da buhunan albasa yake ɗauka da ba wanda zai kula, amma Cindo da waɗannan mata yake ci, duk ranar kasuwar Illo.

Inna Shafa'atu, babbarsu, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Cindo, nono muka ba ka ka kai kasuwa, ba mu ce ka kaɗa muna mai ba. In wagga rawa ba ta bari ba, mun koma motar Bilyamin."

Abin da ya fi ci masa rai, faifan birkin sabo ne. Shi ya sayo shi, shi ya ɗaura da hannunsa a bakin titi, don ya gaji da kanikawa. Ranar Laraba dai ya haɗiye girman kai ya tafi garejin Malami a Bagudo. Inna Shafa'atu ta biyo shi, wai ba ta yarda da labari ba sai ta gani.

Malami ya cire taya ya ce, "Sai an sa mata agogo."

"Malami, mi ya haɗa birki da lokaci?"

"Kai dai riƙe min fitila, direban nono."

Agogon wani ɗan ma'auni ne mai allura ɗaya da tsinke a gindi. Malami ya kafa shi, tsinken na taɓa fuskar faifan, ya juya faifan a hankali da hannu. In faifai na tafiya daidai, in ji shi, allura ba ta ko motsi. Wannan kuwa ta tafi dama, ta dawo hagu, ta sake komawa.

"Ka gani? Ido ba ya ganin wagga karkata, amma birki na jin ta duk zagaye."

"Jabu suka saida min," in ji Cindo, har da jin daɗi, don ya samu wanda zai zaga.

Malami ya sake juya faifan. Ya sa alli inda allurar ta fi nisa, ya kwance faifan, ya leƙa mazauninsa. Sai ya sa farce ya ɓamɓaro wani abu ya ɗora a tafin Cindo. Ƙwayoyin shinkafa ne da ɓawonsu, sun lallatse kamar an yi musu guga.

"Ina ka ɗaura shi?"

Cindo ya sosa ƙeya. A gefen shanyar shinkafa ne, kan kwalta, inda ya ajiye faifan ya tafi neman sifana.

Inna Shafa'atu ta yi dariya har ta dafa bango. "Ashe tuwo motar ke nema!"

Malami ya goge mazaunin tas, ya maida faifan, ya ɗaure notocin yana tsallake ɗaya zuwa na gabansa. Ya juya faifan. Allura ta tsaya cik kamar an yi mata tsawa.

Suka fito gwaji. A gangaren kasuwa Cindo ya taka birki da gangan, motar ta tsaya lafiya lau. Ya juyo yana jiran yabo.

"Ka zo da wuri ranar kasuwa," in ji Inna Shafa'atu, tana gyara mayafi. "Kuma ka wanke kujerun nan, tsami suke yi."